Ladubban Kai Gaisuwa Gidan Goggon Biri

Duk wanda Allah ya hore wa abin hannu, ya biya kuɗin makarantar yara, ya sauke farali, ya kuma duba ya ga har yanzu akwai ragowar daloli da ke hana shi barci, to duniya ta tanadar masa hanyar rabuwa da su cikin mutunci. Zai hau jirgi zuwa gabashin Afirka, ya hau mota, ya hau dutse, ya keta ƙaya da taɓo, domin ya tsaya gaban goggon biri na sa'a guda. Birin ba zai taso ya tarbe shi ba, ba zai sa a kawo masa ruwa ba, mai yiwuwa ma ya juya masa ƙeya ya ci gaba da tauna ganyensa. Sa'ar na cika, baƙo zai yi godiya ya sauko. Dubban mutane ne ke yin haka kowace shekara, wasu tun saura wata shida suke kama layi. Tunda zuwa gidan manya yana da ƙa'ida, ga yadda ake shirya wannan.

Wane ne mai gidan?

Goggon birin tsauni ba shi da reshe a ko'ina. Wuri biyu kacal yake zaune a faɗin duniya: duwatsun Virunga, inda iyakokin Ruwanda da Yuganda da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango suka haɗu, sai kuma dajin Bwindi da ke kudu maso yammacin Yuganda. Ba ka samunsa a gidan zu, domin waɗanda aka taɓa ɗauka aka kai can ba su yi ƙarko ba. Goggon biran da ake nunawa a Turai da Amurka 'yan uwansa ne na gangare. Shi kam ba ya zuwa wajen kowa, sai dai a zo.

Ƙidayar da aka kammala bayyanawa a 2019 ta ce su 1,063 ne, 604 a Virunga, 459 a Bwindi da kewayensa. Wannan ci gaba ne, don a farkon shekarun 1980 na Virunga sun ragu zuwa wajen 250. A 2018 aka cire su daga jerin dabbobin da ke gab da ƙarewa aka mayar da su jerin waɗanda ke cikin haɗari kawai, abin da a harkar namun daji ake ɗauka a matsayin ƙarin girma.

Turawa sun san da zamansa ne a 1902, lokacin da wani hafsan sojan Jamus, Kyaftin Robert von Beringe, ya yi kiciɓis da su a kan dutsen Sabyinyo ya harbe biyu. Masana suka karrama shi da sa wa dabbar sunansa, Gorilla beringei beringei, har sau biyu, wato kowane mamaci da nasa.

Gidan goggon biri yana da tsari. Akwai mai gida, ƙaton namiji wanda gashin bayansa kan yi furfura idan ya kai shekara 12 zuwa 13, nauyinsa kuma kan kai kilo 160 zuwa 200. Akwai matansa da yara, jimilla kimanin goma a gida na matsakaici. Mai gida ne ke yanke inda za a ci, da lokacin ƙailula, da inda za a kwana. Abincinsu ganye ne da kara da tohon gora, kuma da wuya su sha ruwa, don ruwan cikin ganyen ya wadatar. Kullum da yamma kowa zai lanƙwasa rassa ya yi sabon makwanci, da safe a bar shi a yi gaba. Saboda haka mai gida ba shi da adireshi, kuma wannan ne tushen duk wahalar da za a bayyana a ƙasa.

Masu binciken ƙwayoyin halitta sun gano cewa shi da ɗan Adam sun yi tarayya a kusan kashi 98 cikin 100. Hausawa sun daɗe da cewa biri ya yi kama da mutum, ba tare da sun sayi na'ura ko ɗaya ba.

Kuɗin gaisuwa

Ba a zuwa hannu rabbana. Kafin tikitin jirgi, kafin masauki, kafin ma ka faɗa wa iyali, takardar izini ake fara nema, don ita ce ke da rana a jikinta, sauran tafiyar kuma a kanta ake gina ta.

A Ruwanda farashinta dala 1,500 ne tun 2017, lokacin da aka ninka shi daga 750 a dare ɗaya. A canjin 2025 wannan ya haura naira miliyan biyu. Idan ka raba da minti 60, kowane minti dala 25 ne, don haka ana shawartar baƙo ya taƙaita ƙifta ido, ya kuma bar gyaran hula sai an sauko. A Yuganda, bisa jadawalin da ya fara aiki a watan Yulin 2024, baƙon da ya zo daga wajen nahiyar yana biyan dala 800, mai fasfo na wata ƙasar Afirka kuwa dala 500. Wannan na cikin wurare ƙalilan da koren fasfo ke jawo wa mai shi rangwame, ya kamata a more shi. Wanda sa'a ɗaya ba ta ishe shi ba, a yankin Rushaga na Bwindi akwai tsarin sa'a huɗu a kan dala 1,500, inda za ka bi masu aikin sabar da wani gidan birai da ganin mutane. Wato ka biya kuɗi a yi amfani da kai a matsayin abin koyarwa.

Mutum takwas kaɗai ake bari su ziyarci gida ɗaya a rana, sau ɗaya. Wanda bai kai shekara 15 ba, ya zauna a masauki. Lissafi ya nuna gida ɗaya na birai a Ruwanda kan iya shigar da dala 12,000 a yini ba tare da mai gida ya ɗaga kai ba. Masu karatu za su tuna watan Yunin 2019, lokacin da labari ya karaɗe gari cewa wani goggon biri ya haɗiye naira miliyan 6.8 a gidan zu na Kano, daga baya gwamnan wancan lokaci ya bayyana cewa babu ma goggon biri a wurin. Na Ruwanda akwai shi, ana ganinsa, kuɗin da yake ci sun fi haka nesa ba kusa ba, kuma yana ba da rasit.

Ta wace ƙofa za a shiga?

Ƙofar Ruwanda ita ce ta masu sauri. RwandAir na tashi daga Legas zuwa Kigali, ɗan ƙasar Afirka kuma ba ya fama da neman biza kafin ya taso. Daga Kigali zuwa Musanze, garin da ke gindin duwatsun, tafiyar sa'a biyu da rabi ce a kan kwalta mai santsi. Abu biyu za a kiyaye. Na farko, ƙasar ta haramta leda tun 2008, don haka kilishin guzuri da yajin da aka ƙulla a baƙar leda a nemo musu wata sutura tun daga gida. Na biyu, Asabar ɗin ƙarshen kowane wata ranar Umuganda ce, ranar aikin gayya, da safe shaguna a rufe suke, kowa yana shara ko gyaran magudana, har da masu muƙami.

Ƙofar Yuganda ita ce ta masu haƙuri. Daga Entebbe zuwa Bwindi sa'a takwas zuwa goma ne a mota. A hanya, a garin Kayabwe, za a tsaya a kan layin da ya raba duniya biyu, kowa ya sa ƙafa ɗaya a arewa ɗaya a kudu a ɗauke shi hoto, sannan a koma mota a ci gaba da jijjiga. Bwindi kuma yanki huɗu ne: Buhoma, Ruhija, Rushaga da Nkuringo. Takardar izininka na ɗaya daga cikinsu ne, ba na dajin gaba ɗaya ba. A taswira sun yi kusa da juna. A ƙasa, wanda ya kama ɗaki a Buhoma alhali izininsa na Nkuringo ne zai kwana a mota yana zagaya duwatsu, kuma biri ba ya jiran makararre.

Masu wayo sukan haɗa biyun, su sauka a Kigali, su tsallaka ta iyakar Cyanika ko Katuna cikin sa'a huɗu zuwa biyar, su biya farashin Yuganda. Akwai bizar yawon buɗe ido ta dala 100 mai aiki kwana 90 a Kenya da Yuganda da Ruwanda. Ruwanda hannun dama ake tuƙi, Yuganda hannun hagu, saboda haka idan direba ya sauya hannu a kan iyaka, ba gyangyaɗi yake ba.

Ƙofa ta uku ta Kwango ce, inda gandun Virunga yake, wanda aka kafa a 1925, na farko a Afirka. Izininsa ya fi araha. Sai dai yaƙi ya daɗe a yankin, an kashe masu gadin gandun fiye da 200, kuma an sha rufe shi ga baƙi. Wannan ba wurin neman rangwame ba ne.

Kowace ƙofa ka bi, ka riƙe katin rigakafin cutar shawara, ka sha maganin zazzaɓin cizon sauro, ka kuma zo da sababbin takardun dala, domin tsohuwa ko mai ɗan yagewa a can takarda ce kawai mai hoton wani dattijo. Game da lokaci, rani sau biyu ne: Yuni zuwa Satumba, da Disamba zuwa Fabrairu. A dajin Bwindi, rani na nufin lokacin da ruwan sama kan ɗan yi sallama kafin ya sauko.

Suturar shiga

Babbar riga ba ta da laifi a ko'ina sai a nan. Ana bukatar takalmi mai kama ƙasa, doguwar riga mai hannu, rigar ruwa, da safar hannu irin ta masu aikin lambu, domin akwai wani ganye mai ƙaiƙayi da mai gida ke ci da marmari, kai kuwa taɓa shi kawai zai sa ka tuna da shi har dare. Za a umarce ka ka cusa ƙafar wando cikin safa. Alhaji mai kamfani uku zai ga kamar wannan zubar da girma ne, har sai ya tsaya minti ɗaya a kan layin tururuwar daji, wadda ba ta cizo sai ta hau ta kai inda ba a sosawa cikin jama'a. Kada ka sa kaya masu zanen kakin soja. Ka zo da rigar sanyi, don Bwindi ya kai tsayin mita 2,600 a wasu wurare, duwatsun Virunga kuma sun fi haka.

Ranar gaisuwa

Da misalin bakwai zuwa takwas na safe ake taruwa a ofishin gandu. Jami'ai za su dube ku ɗaya bayan ɗaya, su dubi shekaru, su dubi tumbi, su raba ku gida-gida. Za a tambayi wanda ke son hanya mai sauƙi. A nan ne maza ke halaka kansu, don babu mai son ɗaga hannu a gaban wata tsohuwa 'yar Jamus mai shekara saba'in da ta ce a ba ta mai nisa. Ka ɗaga hannunka. Ba wanda ya san ka a can.

Tun asuba masu bin sawu sun riga sun shiga daji, sun je inda biran suka kwana jiya, suna bin karyayyun rassa da kashi, suna sanar da jagoranku ta rediyo. Tafiyar na iya zama rabin sa'a, tana iya zama shida. Idan ka tambayi jagora saura nawa, zai ce an kusa. Gaskiya yake faɗi, sai dai mai gida ma tafiya yake yi. A gaba akwai mai adda yana sare hanya, a baya akwai mai bindiga saboda giwa da ɓauna.

A bakin daji za ka ga matasa maza da mata suna jiran dako a kan kimanin dala 15 zuwa 20. Ka ɗauki ɗaya. Da farko jakarka zai riƙe. Bayan sa'a guda zai riƙe hannunka. Bayan biyu, shi ne zai dafa bayanka yana turawa, kana hawa da gwiwa da tafin hannu, kana ambaton Allah da ikhlasin da ka daɗe ba ka yi ba. Wanda ƙafa ta gaza masa gaba ɗaya akwai kujerar da ƙarti ke ɗauka a kafaɗa, mutanen wurin suna kiranta helikwafta, kuɗinta kuma daban ne.

Idan an iso, za a ce ku ajiye sanduna da jakunkuna da abinci, ku sa takunkumi. Ƙa'idar tazara mita bakwai ce, tun zuwan korona aka mayar da ita goma. Ba don kare ka aka yi ba. Murar da kai za ka sha shayi da citta ka warke tana iya kashe ɗan biri, shi ya sa mai tari ko mura ba a barinsa ya hau, ko nawa ya biya. Idan atishawa ta kama ka, ka kau da kai. Ba a kunna walƙiyar kyamara, ba a nuna mai gida da yatsa, ba a ɗaga murya. Jagora zai yi wani gurnani daga maƙogwaro, irin na mai gyaran murya, wanda a wajen birai ke nufin lafiya muka zo. Idan an yi sa'a, daga cikin ganye za a amsa.

Sai ka gan shi. Yana zaune a kan ganyen da nauyinsa ya kwantar, kansa ya kai girman kwando, tururi na tashi daga gashinsa saboda raɓa. Zai kamo kara, ya bi shi da yatsu ya zage ganyen tas, ya dunƙule, ya kai baki, yana duban wani wuri can bayan kafaɗarka. Cikinsa na ƙugi, kuma iskar da cin ganye ke haifarwa yana sakinta a natse, doguwa, ba tare da ya dubi kowa ba. Ba a dariya. Wata uwa na tsince wa jaririnta ƙwari a ka. Yara biyu na kokawa, ɗaya ya miƙe ya buga ƙirji ya faɗi da baya. Yaran ba su karanta dokar mita goma ba, suna iya zuwa su ja maka igiyar takalmi. Kai ne za ka ja da baya a hankali, domin kai ne ka sa hannu a takarda.

Wani lokaci mai gida kan miƙe, ya yi ihu, ya daki ƙirjinsa da tafin hannu, ya fizgi reshe, ya taso a guje. Umarnin hukuma shi ne kada ka gudu. Ka durƙusa, ka sunkuyar da kai, ka kau da ido. Duk wanda ya taɓa kai gaisuwa fada ya riga ya iya wannan, Bature ne ke bukatar a koya masa. Galibi barazana ce, zai ja birki ya wuce. Minti 60 na cika, jagora zai ce lokaci ya yi, ko da a daidai lokacin ne mai gida ya fara juyowa.

Sauran mazauna daji

Tunda an riga an zo, akan haɗa da kallon namun dawa. Akwai biyar da ake kira manya: zaki, damisa, giwa, ɓauna da karkanda. Maharban Turawa ne suka ware su a matsayin waɗanda suka fi wuyar farauta a ƙafa, yanzu kuma jikokinsu na bin su da kyamara. Ana tashi da asuba, a shiga mota mai buɗaɗɗen rufi. Zaki kan yi barcin da ya kai sa'a 20 a yini, don haka abin da za ka gani shi ne motoci goma sun kewaye wani abu ruwan ƙasa a cikin ciyawa, wanda kan motsa kunne jefi-jefi. Damisa kuwa direba zai nuna maka wata bishiya ya ce ga wutsiyarta can. Ka ce ka gani, kowa haka yake yi.

Kusa da Bwindi akwai gandun Sarauniya Elizabeth, wanda aka sa wa sunanta bayan ziyararta a 1954. A yankinsa na Ishasha zakuna kan hau bishiyar ɓaure su kwanta a kan rassa da tsakar rana, saboda haka tsohuwar dabarar hawa bishiya idan zaki ya biyo ka ba ta aiki a nan. A mashigin ruwan Kazinga ana shiga jirgin ruwa a ratsa dorinai da kadoji da giwaye masu shan ruwa. Can arewa, a Murchison, kogin Nilu gaba ɗayansa ke matsewa ta wata kafa mai faɗin mita bakwai ya faɗo ƙasa mita 43. A wuraren da ke da ƙudan tsando, a guji shuɗi da baƙin tufafi, don su ne launukan da ya fi so.

Wanda ya tsaya a Ruwanda yana da gandun Akagera, inda zakuna suka ƙare ƙaf, aka sake kawo bakwai daga Afirka ta Kudu a 2015 cikin jirgin sama, karkanda kuma suka biyo baya a 2017. Shawara ita ce a fara da kallon mota, a bar hawan dutse zuwa ƙarshe, domin bayan gaisuwar mai gida ƙafa ba ta karɓar wani umarni sai an kwana biyu.

Ina kuɗin ke zuwa?

Ba'amurkiya Dian Fossey, wadda ta kafa sansanin bincike na Karisoke a 1967, ba ta ƙaunar 'yan yawon buɗe ido ko kaɗan. An kashe ta a ɗakinta a watan Disambar 1985, aka binne ta kusa da Digit, birin da ta fi so, wanda mafarauta suka kashe. Yau ana sayar da izinin hawa a ziyarci kabarinta.

Amma kuɗin baƙin nan ne ke biyan masu gadi da masu bin sawu. Ruwanda na ware kashi 10 cikin 100 na kuɗin shigar gandayenta ga ƙauyukan da ke kewaye, a gina makarantu da asibitoci, don manomin da biri ya shigar masa gona ya samu dalilin yin haƙuri. A 2020 wani mutum ya kashe Rafiki, mai gidan Nkuringo, kotun Yuganda ta ɗaure shi shekara 11. Tun 2005 kuma Ruwanda ke yin Kwita Izina a Kinigi, bikin sunan jariran birai, inda manyan baƙi da 'yan ƙwallo da mawaƙa ke zuwa su raɗa suna. Ba rago, ba wanzami, kuma mai jego da jariri da uban ɗa duk ba sa halarta.

Su kuwa 'yan ƙabilar Batwa, waɗanda kakanninsu suka rayu a dajin nan tare da biran tun fil'azal, an fitar da su a 1991 da aka mayar da Bwindi da Mgahinga gandayen ƙasa, akasarinsu ba tare da diyyar ƙasa ba. Yanzu wasunsu na nuna wa baƙi yadda suke kunna wuta da ɗiban zuma a da, idan baƙon na da ragowar canji.

Mai cewa me zai kai shi wata ƙasa alhali gida ma akwai, ya yi gaskiya. A duwatsun Afi da Mbe na jihar Kuros Riba, har zuwa cikin Kamaru, akwai wani jinsin goggon biri da yawansa bai wuce 300 ba. Sai dai shi ba ya karɓar baƙi, masu bincike ma galibi a hoton kyamarar da suka ɗaura a bishiya suke ganinsa. Dalilansa kuma ba ɓoyayyu ba ne ga duk wanda ya san kasuwar naman daji.

Bayan an sauko, da taɓo har gwiwa, za a zaunar da ku a kira suna ɗaya bayan ɗaya a miƙa wa kowa takardar shaida mai hoton biri, ana tafi. Ka adana ta da kyau, don a gida za a tambaye ka ko da gaske biri kawai ka je gani, kuma za a sake tambaya. Takardar na tabbatar da cewa wane ɗan wane ya kai ziyara a rana kaza, da hatimin hukuma da sa hannun jami'i. Shi dai mai gidan, har zuwa lokacin haɗa wannan bayani, bai tabbatar da cewa ya ga kowa ba.